Agogon Garin Wasu

Kubura ta turo murya da sassafe,
ina buɗe shago a Dilimi,
sanyin Jos bai gama sakin yatsuna ba.
Ta ce, Baba, garin nan na Folan ɗan mitsitsi ne,
ko rabin Bukuru bai kai ba.
Kogi ɗaya, gada biyu,
ta katakon ba a hawanta da mota.
A cibiyarsa fili ne shimfiɗe da duwatsu
irin haƙoran tsoho, wani ya zauna, wani ya goce.
Ran Talata kasuwa ke ci, kabeji da zuma da dankali,
amma dankalinsu, in ji ta, albarkacin na Bokkos yake ci.
Na yi dariya ni kaɗai
har ƙusar agogon wani malami ta suɓuce ƙarƙashin benci.

Wai fatake masu gishiri suka fara yada zango a bakin ruwan,
sarkin zamanin ya ba su takardar cin kasuwa,
rumfa ta haifi rumfa.
Gobara ta cinye garin sau biyu, suka sake shi da jan bulo.
Mayaƙan gabas sun kwana a ciki,
na yamma suka zo suka tashe su.
Sau uku ana canza wa garin suna,
kogin kuwa bai taɓa juyowa ya tambaya ba.

Tsohuwar da ta ba ta hayar ɗaki, Yadwiga,
ta ce uwarta a wata ƙasa aka haife ta,
a wata ta yi aure, a wata aka binne ta,
alhali ba ta taɓa barin layinsu ba.
Iyaka ce ke tafiya, mutane na zaune.

Sai muryar Kubura ta yi ƙasa.
Akwai wani layi bayan majami'a,
na Yahudawa, maɗinka da dukawa.
Wata safiya aka jera su zuwa tashar jirgi.
Ɗakin ibadarsu yau katako ake ajiyewa.
Har gobe Yadwiga layin maɗinka take ce masa,
ko allura babu mai sayarwa a wurin.

Nan na ajiye abin da ke hannuna.
'Yar nan tana goye lokacin da hayaƙi ya rufe mu,
ba ta san Gyang ba,
wanda katanga ɗaya ta raba kicin ɗinmu da nasu,
mai aiko mana da acca in sun yi girbi,
mu aika da ƙafar rago ran Layya.
Ya kwashe iyalinsa zuwa Unguwar Rukuba da dare,
bai yi sallama ba, ban kuma ga laifinsa ba.
Mu ma gari ne da kuza ta tara,
masu haƙa suka tafi da farin, suka bar mana tafkuna
kore shar, masu haɗiye yara.

A ƙarshe ta ce akwai agogo a hasumiyar filin,
ya tsaya tun kafin a haifi Yadwiga,
huɗu saura minti goma, rani da damina.
Sun yi karo-karo, an rasa mai gyara.
Baba, da kai ne, da tuni ya buga.

Ban ba ta amsa ba tukuna.
Na hau kujera, na sauko da agogon bango
da Gyang ya kawo gyara sati guda kafin abin ya faru.
Na hure ƙura. Ashe mai kawai yake so,
sai wani ɗan haƙori da ya lanƙwashe.
Kafin azahar ya fara tafiya.
Na naɗe shi a tsohuwar jarida,
na tsaya bakin titi ina lissafin kuɗin keke,
ina tunanin ko yana nan,
ko kuma wa zan ce ina nema.